Tsakanin gudu da hijira

A bakin layinmu, can wajen Hotoro, akwai wani dattijo mai wankin hula. Da hantsi za ka tarar ya jera huluna a kan kututtukan ice suna shan rana, shi kuma yana gefe bisa tabarma da allura da zare, yana ɗinkin wata sabuwa. Mutumin Bama ne. Shekara da shekaru ina kai masa hulunan Juma'a muna gaisawa, ban taɓa tambayarsa yadda aka yi ya zo Kano ba, don akwai tambayar da nauyin baki ke hana mutum yi. Ranar da labarin ya fito ma ba ni na tono shi ba. Wani yaro ne ya wuce yana tura buhun gawayi a baro, tayar tana ƙara, sai na ga Baba ya ajiye allura ya bi baron da kallo har ya sha kwana.

Ya ce, "Malam, a cikin irin wannan na fito da mahaifiyata."

A farkon watan Satumba na 2014 'yan Boko Haram suka shiga Bama. Daga can zuwa Maiduguri tafiyar kilomita 70 ce ko kusa da haka, abin da mota ke cinyewa kafin shayi ya gama hucewa a fulas. Su a ƙafa suka yi ta, shi da maiɗakinsa da yara huɗu da tsohuwar da ba ta iya taka ƙasa. Suka kauce wa kwalta suka bi ta gonaki, damina ce, dawa ta yi tsayi tana ɓoye mutum. Kafin su kai Konduga tayar baron ta lalace. Ya karɓi zanen matarsa ya goya tsohuwar. Da na tambaye shi yadda bayansa ya ɗauki wannan tafiya, sai ya yi murmushi ya ce ai ita ta fara goyon, shi ramawa ya yi, kuma bai rama ko rabi ba.

Na koma gida da hulata a leda, amma abin da ya tsaya mini a rai sunan da muke kiransu da shi ne: 'yan gudun hijira. Kalma biyu muka haɗa waɗanda ba sa zama inuwa ɗaya a zuciyar Bahaushe. Gudu abin kunya ne a wajenmu, har kakanninmu suka ce gudu gadon matsoraci ne, tsayawa ta mai ƙarfin hali. Hijira kuwa daraja ce, da ita muke ƙirga shekarunmu, mu raɗa wa 'ya'yanmu sunayen waɗanda suka yi ta. Idan malami na ba da tarihinta a masallaci sai ka ga idanu sun ciko. Amma ranar da mai hijirar ya tsaya a ƙofar gidanmu da ƙullin kaya a ka, yana neman ɗakin haya, gudun muke gani, hijirar ta ɓace mana.

Ina ganin kuskuren yana farawa daga rashin sanin abin da aka guda. Wanda ambaliya ta kora, ruwa ba ya tambayarsa ra'ayinsa. Wanda ake gallaza wa kuwa zaɓi ake ba shi kafin a kore shi. A garuruwan da ƙungiyar ta kama a 2014, Gwoza a watan Agusta, Bama a Satumba, Mubi a Oktoba, sannan Baga a Janairun 2015, an san waɗanda ake nema: malamin makaranta, ma'aikacin gwamnati, mai sarauta, limamin da ya ƙi bin aƙidarsu, Kiristan da ya ƙi barin addininsa, saurayin da ya ƙi ɗaukar bindiga, uban da ya hana a ɗaura wa 'yarsa auren dole. Sarkin Gwoza ma, Alhaji Idrissa Timta, a kan hanya aka kashe shi a watan Mayun 2014. Akwai hanyar da mutum zai zauna a gidansa ya ci gaba da cin amfanin gonarsa, ita ce ya yi mubaya'a ya miƙa ɗansa. Dattijon nan namu yana da ɗa mai shekara goma sha biyar a lokacin. Fitar da ya yi cikin dare amsa ce ya ba su, ya ce a'a, kuma ya biya kuɗin amsar da gidansa da gonarsa da shagonsa da kabarin mahaifinsa. Ban san wani ƙarfin hali da ya wuce wannan ba. Mu da muke zaune lafiya ba a taɓa ɗora mana irin wannan ciniki a gabanmu ba, balle mu san abin da za mu zaɓa.

Addinin da yawancinmu ke bi bai ɗauki wannan fita a matsayin ragwanci ba. A Suratun Nisa'i an tambayi waɗanda suka zauna ƙarƙashin zalunci suna cewa an raunana su: ashe ƙasar Allah ba mai yalwa ba ce, ku yi hijira a cikinta? Hijirar farko a Musulunci, wajen shekarar 615, zuwa Habasha aka yi ta, ƙasar sarki Kirista. Sayyidina Usman da Nana Ruƙayya na cikin ayarin farko. Ƙuraishawa suka tura Amru bin Asi da kyaututtuka a dawo musu da mutanensu, Najjashi ya ce ba zai miƙa wanda ya nemi mafakarsa ba sai ya ji ta bakinsa. Ja'afar bin Abi Ɗalib ya yi bayani, ya karanta ayoyin Suratu Maryam, sarkin ya mayar wa 'yan aike kyautarsu. A Suratut Tauba kuma umarni ne: ko mushriki ne ya nemi ka ba shi mafaka ka ba shi, sannan ka kai shi inda zai aminta.

A gida ma tarihinmu bai rabu da wannan ba. Daular da muke tinƙaho da ita da gudu ta fara, lokacin da Shehu Usman Ɗanfodiyo ya bar Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, don kauce wa Sarkin Gobir Yunfa. Shekara 99 bayan nan Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, har da mutanen ƙasar Kano. An kashe shi a Burmi a watan Yulin 1903, amma ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da sauran mutane har Sudan, suka kafa gari a bakin Kogin Nilu kusa da Sennar, wanda har yau sunansa yake amsawa. Mutanen can ne suka ba kakanninmu ƙasar noma. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun Hemedti, ya kai jihar Sennar a 2024, wato ya iske jikokin masu waccan hijirar a inda suka ɗauka sun tsira. Iyaye da yawa a Kano sun ɗanɗani kaɗan daga wannan ɗaci, lokacin da 'ya'yansu ɗalibai suka fito daga Khartoum a motocin bas suka maƙale kwanaki a kan iyakar Masar, ba ruwa ba wajen kwana, waya na shiga yau gobe ta ƙi.

To, a nan ne doka ta shigo, kuma a nan ne lamarin ke rikicewa. Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa saboda tsoro mai tushe na cewa za a gallaza masa kan ɗayan abu biyar: launin fata ko ƙabilarsa, addininsa, ƙasar asalinsa, kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a, ko ra'ayinsa na siyasa. Da farko Turawan da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaiɗaita aka rubuta wa ita, sai a 1967 aka cire ƙaidin lokaci da na wuri. Ƙasashen Afirka suka ga rigar ta yi musu kaɗan, don a nan ba ɗaya-ɗaya ake gudu ba, gari guda ke tashi. Shi ya sa a 1969, a Addis Ababa, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta faɗaɗa ma'anar ta haɗa da wanda mamaya ko mulkin baƙi ko babbar tarzoma ta kora. Ginshiƙin duka shi ne sashe na 33 na yarjejeniyar Geneva, wanda ya hana a mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Hukuncin Najjashi ke nan aka rubuta da yaren lauyoyi.

Sai dai duk wannan kariya tana rataye ne da sharaɗi ɗaya, tsallake iyaka. Ɗauki mutum biyu 'yan unguwa ɗaya a Bama, dare ɗaya suka fita. Ɗaya ya yi kudu maso gabas ta Banki ya faɗa Kamaru, aka kai shi sansanin Minawao, aka yi masa rajista, hukumar UNHCR, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ta san da zamansa. Ɗayan ya yi yamma, Maiduguri, Damaturu, Potiskum, Azare, Wudil, ya sauka a Kano. Na farko ɗan gudun hijira ne a idon dokar duniya. Na biyu sunansa wanda ya rasa matsuguni a cikin ƙasarsa, alhakinsa na wuyan gwamnatin da ta kasa kare shi tun farko. Don toshe wannan ɓaraka ne aka ƙulla Yarjejeniyar Kampala a 2009, Najeriya ta amince da ita a 2012. Irin na biyun nan kuwa su ne mafi yawa. A ƙarshen 2024 hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 123 ne aka raba da gidajensu a duniya, sama da miliyan 70 daga ciki ba su tsallake iyakar ƙasarsu ba. A Arewa maso Gabashin Najeriya kaɗai sun haura miliyan 2.

Waɗanda suka tsallake ɗin ma, akasarinsu a maƙwabta suke tsayawa. Labaran da muke gani a talabijin na jiragen ruwa a Bahar Rum ne, sai mutum ya ɗauka Turai ce ke ɗauke da nauyin. Ƙasashe marasa ƙarfi ne ke ɗauke da shi. Chadi ta karɓi mutanen Sudan sama da 700,000 tun daga 2023, da yawansu ta garin Adre suka shigo a ƙafa daga Darfur. Bangladesh ta karɓi 'yan Rohingya sama da 700,000 da suka tsere daga Myanmar tun daga Agustan 2017, mutanen da dokar 1982 ta ƙasarsu ta riga ta cire daga jerin 'yan ƙasa. Nijar, da duk talaucinta, ta buɗe wa mutanen Borno ƙofa a Diffa, ta buɗe wa na Sakkwato da Zamfara da Katsina a yankin Maraɗi lokacin da 'yan bindiga suka matsa musu. Mu ma muna riƙe da dubban 'yan Kamaru a Kuros Riba da Binuwai da Taraba tun 2017. Talaka ne ke saukar da talaka, kusan ko'ina.

A Kano ba kasafai za ka ga tantuna a jere ba, shi ya sa wasu ke zaton babu su. Suna nan, sun narke cikin gari. Suna cikin kangwaye da gidajen da ba a gama ginawa ba a bakin hanyar Maiduguri, suna cikin zaurukan 'yan'uwa, ɗaki ɗaya mutum tara. Wannan yana tura ruwa a kura, wancan yana gadi, waccan tana suyar awara a bakin makaranta ko wanke-wanke a gidan masu hali. Garin ya saba haɗiye baƙo, sunayen unguwanninmu ma shaida ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Dandalin Turawa, Ayagi. Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji, farin 1973 ya kawo Buzaye, yaƙin basasar Chadi ya kawo nasa mutanen, har a nan Kano aka zaunar da ɓangarorin Goukouni da Habre suka sa hannu kan sulhu a watan Maris na 1979. Ba banza ake ce mata tumbin giwa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, in za mu faɗi wannan sai mu faɗi ɗayan: daga garin nan ma an gudu. A 1966 dubban 'yan ƙabilar Ibo suka bar Sabon Gari da abin da hannunsu ya iya ɗauka, bayan kashe-kashen da aka yi. Su ma sun goyi tsofaffinsu.

Baba ya ce mini tafiyar daji ba ita ce ta fi yi masa wuya ba. A daji ka san abokin gabarka. Abin da ya fi ci masa rai neman ɗaki ne. Gida uku aka yi ciniki aka gama, da mai gida ya ji harshensa ya tambayi garinsu sai a ce an riga an ba wani. Ba zan yi saurin zagin masu gidajen ba. Wanda ya ga hare-haren da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, ko ya ɗauki gawar ɗan'uwansa daga Babban Masallacin Juma'a na cikin gari ranar 28 ga Nuwamban 2014, tsoronsa yana da dalili. Sai dai tsoron ya auka wa wanda bai kamata ba. Mutumin da ya rasa komai don ya ƙi bin su, shi aka wayi gari ana kallo da fuskarsu. Hausawa na cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, to ka auna zafin abin da zai sa magidanci mai mutunci a garinsu ya jure wannan kallo ya sake ƙwanƙwasa ƙofa ta huɗu. A ta huɗun aka dace. Wani mai unguwa ne ya tsaya masa, ya ce shi ya ji ya gani, duk abin da ya biyo baya a tambaye shi.

Akwai wani abu da ke damuna game da yabon da nake yi, kuma gara in faɗe shi. Yabo ba ya cin kuɗi. Mutum zai iya karanta labarin jarumtar 'yan gudun hijira a wayarsa, ƙwalla ta zo masa, ya tura wa abokai, ya ji kamar ya sauke wani nauyi, alhali ko ƙwayar gero ba ta motsa ba. Har ila yau idan muka ce jarumai kaɗai muke so, me za mu yi da waɗanda tafiyar ta karya? Akwai matar da ba ta sake barci sosai ba tun daga daren, akwai yaron da ƙarar salansar babur ke sa shi fitsari a wando, akwai magidancin da ya zauna ya kasa tashi. Akwai kuma waɗanda ba su fito ba, tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda aka tare wa hanya, kuma zamansu ba mubaya'a ba ce. Haƙƙin mafaka bai jira mutum ya burge mu ba. Jarumtar da nake gani tana ƙara mini kunya ne kawai, tana tambayata abin da na yi da nawa zaman lafiyar.

Abin da suke nema kuma sau da yawa ya fi abin da muke zato sauƙi. Da Abdurrahman bin Aufu ya isa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa na Ansar Sa'adu bin Rabi'u ya ce su raba dukiyarsa biyu. Ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa kawai. A garin kasuwanci irin namu wannan magana bai kamata ta buƙaci fassara ba. Kwalin taliya da buhun shinkafa da ake rabawa gaban kyamara suna ƙarewa cikin mako biyu. Abin da ke tsayar da mutum da ƙafarsa shi ne gefen rumfa a Kwari ko Kurmi, da wanda zai ba shi kaya bashi ya sayar ya kawo, da wanda zai tsaya masa wajen haya, da gurbin aji ga ɗansa. Baba da hula biyar ya fara, wani ɗan kasuwa ya ba shi zare da yadi ya ce in ya sayar ya biya. Sana'ar dama a hannunsa take, hular Bama ba ta buƙatar talla a Kano. Yau yara uku 'yan unguwar ke koyon ɗinki a wajensa, biyu daga ciki 'ya'yan Kanawa ne.

Inda ƙafa ke sarƙewa shi ne takarda. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama duk inda ya so a ƙasar, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Amma tallafin karatu da gurbin aiki da shiga wasu makarantu duk suna bin takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ke bin garin uba ko kaka. Wanda aka ƙona sakatariyar garinsu, takardunsa suka tafi da gidansa, yana tsakiya: can ba ya iya komawa cikin sauƙi, nan kuma ba a ƙirga shi.

Sai batun komawa, wanda kowa ke tambayarsu kamar abu ne na shiga mota kawai. Gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021 tana mayar da mutane garuruwansu, kuma hujjarta tana da ƙarfi, don zaman sansani yana kashe zuciya, yaro ya tashi bai taɓa ganin ubansa ya riƙe fartanya ba. An sake gina gidaje da makarantu a Bama, mutane da yawa sun koma. Amma gona tana bayan gari, tsaro kuma sau da yawa a bakin ganuwar sojoji yake tsayawa. A Satumban 2025 aka kai hari Darul Jamal, a ƙaramar hukumar Bama, ƙauyen da ba a daɗe da mayar da mutanensa ba, aka kashe fiye da mutum 50. Komawar ma tana buƙatar irin zuciyar da fitar ta buƙata, kuma ba wanda ya isa ya yanke wa wani wannan hukunci daga nesa.

Na tambayi Baba ko yana tunanin komawa. Ya daɗe yana goge wata hula da buroshi kafin ya amsa. Ya ce sau biyu ya je ya ga kangon gidansa, ƙanensa ya koma yana noma gefen gonar. Amma tsohuwar a nan Allah ya karɓi abinsa, shekara uku bayan zuwansu, a maƙabartar unguwar nan take kwance, kuma 'yan layinmu ne suka ɗauki makararta. Ɗan da ya fitar cikin dare yanzu yana da shagon gyaran waya da 'ya'ya biyu. Autarsa kuma a Kano aka haife ta, Hausarta ta Kanawa ce tsantsa, Barbarcin sai dai ta ji ta amsa da Hausa.

Ita ce yanzu yake wa fafutukar takarda. Ya je wani ofishi an ce ya koma garinsu ya karɓo, ya ce garinsu da ita ta sani shi ne nan. An ce ya dawo da wasiƙar mai unguwa. Ya nuna mini ita a ninke cikin aljihun gaban rigarsa, a cikin leda don kada gumi ya taɓa ta, ya ce ranar Litinin zai sake komawa da sassafe kafin layi ya yi tsawo.